Daga Titi Zuwa Gawo

Zulaiha ta kama hannun ɗanta da hannuwanta biyu ta rataya nauyinta a kai, don ta san ƙarfinta bai kai ta ƙwace addar da yake riƙe da ita ba.

"Fa'izu, ka ji tsoron Allah. Sake ta."

"Inna, kauce mini."

"Ba ni kaucewa. In sara za ka yi, fara da ni."

Taku goma daga inda suke, katafila ce tsaye a bakin garkarsu tana ruri. Ta riga ta tuge shingen ƙaya, ta kwantar da fangali biyu na albasa, warin ɗanyen ganye ya cika wurin. Direban, wanda aka ɗauko tare da injin daga Konni, abokan aikinsa na ce masa Dogo, ya kashe injin ya sauko hannuwansa a sama.

"Mama, ni ɗan aike ne," in ji shi. "An ce in share daga titi har bakin kwari, za a gina kasuwar albasa. Ga fegin masu awo nan da jan fenti, ba ni na kafa su ba."

"Har bakin kwari? Wa ya ce maka?" Zulaiha ta nuna wani tsohon icen gawo da haɓarta, ba ta saki hannun Fa'izu ba. "Filin meri, ma'aikatar magajin gari, daga titi ya tashi, ga gawon can ya tsaya. Abin da ke bayan gawo garkarmu ce. Mijina Mamane ya ba da filin nan kyauta, kuma ina zaune cikin majalisa ran da aka rubuta. Na faɗa wa masu awon tun makon jiya, suka ce to."

Dogo ya dubi addar, ya dubi tsohuwar, ya share zufa da hularsa.

"To ga abin da zan iya. Zan koma in share na gaban gawo, shi zai kai ni la'asar. In kin kawo mini takarda mai hatimin meri, wallahi ko ganye ɗaya ban ƙara taɓawa. In babu takarda, ɗan kwangila zai zo, kuma ba shi kaɗai zai zo ba."

Zulaiha ta juyo ga ɗanta. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, idanunsa na kan fangalin da aka take. Shekara shida ya yi a Aljeriya yana ɗaukar bulo. Da Mamane ya rasu, ita ta yi ta kiransa a waya tana kuka har ya dawo. Duk abin da ya zo da shi ya zuba a nan: rijiya mai siminti, injin ban-ruwa, fangali sittin da huɗu. Daga garkar nan ita da shi da matarsa da ’ya’yansa huɗu suke ci. Kwana ashirin ya rage albasar ta ƙosa.

"Rantse mini ba ka taɓa kowa sai na dawo."

"Sai kin dawo," ya ce. "Amma in kin dawo hannu biyu, babu takarda, Inna, wallahi sai dai a ɗauki gawa daga wurin nan. Ko tawa ko ta wani."

Ta gyara mayafinta ta fita titi ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

"Meri," ta ce. "Yi sauri."

Babur ɗin ya ratsa garin Dogon Kwari, ya wuce ta gaban tsohon sito na ƙungiyar manoma, wanda yanzu wani mai faci ke ajiyar tayoyi a ciki. A cikin siton nan aka haifi ma'aikatar magajin garin, wadda kowa ke ce wa meri. Bayan zaɓen 2004, da aka ce kowace ƙaramar hukuma ta riƙe kanta, mutum goma sha ɗaya aka zaɓa, kuma doka ta ce dole a samu mace a ciki. Jam'iyya ta duba ta ga Zulaiha ce ke shugabantar matan adashe, ta kuma yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci, sai aka sa sunanta. Bencin lakwal, makarantar boko, suka aro suka zauna. Magajin gari na farko, Alhaji Chindo, a aljihun rigarsa yake yawo da hatimin hukuma, a naɗe cikin leda. Ita ta kawo randar ruwan sha daga ɗakinta. Ranar kasuwa da ƙafa suke bin rumfuna suna lallashin mutane su biya harajin da ba su taɓa jin sunansa ba, ana yi musu dariya ana cewa ga gwamnatin sito nan ta fito.

Da harajin nan suka haƙa rijiyar unguwar Maƙera. Da shi suka yi ɗaki uku na ƙasa a bakin titi, suka tashi daga sito. Bayan ta sauka, waɗanda suka biyo baya suka kawo famfo da mahauta da lantarki, garin ya miƙe har ya haɗiye gonakin da take zuwa roron wake tana amarya. Bara kuma sojoji suka rushe majalisun ƙasar gaba ɗaya, aka turo shugaban riƙo. Zulaiha ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ɗan kabu-kabun ya ajiye ta a gaban bene mai hawa biyu, fari tas, da tuta da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Shekara uku da buɗe shi, ba ta taɓa shiga ba. Takalmanta na roba suka riƙa santsi a kan tayil.

Wata budurwa ce zaune bayan kwamfuta a zauren shiga.

"Ɗiyata, shugaba nike son gani."

"Kina da randebu? An ba ki lokacin ganinsa?"

"Ba ni da komi. Katafila ce cikin garkata."

"Shugaba ya tafi Tawa taro, sai jibi. Sakatare janar kuma yana da baƙi. Ki rubuto takardar koke, a sa mata tambur, a ajiye."

"La'asar aka ba ni."

"Mama, haka tsarin yake."

A bangon da ke bayan yarinyar an jera hotunan magadan gari huɗu, a ƙarƙashinsu wani ƙaramin hoto da ya koɗe, na mutum goma sha ɗaya tsaye a ƙofar sito. Zulaiha ta miƙa yatsa.

"Kin ga waccan ta gefe, mai ɗaurin kallabi? Ni ce. Konseye Zulaiha, 'yar majalisa. Ni na share ɗakin da aka fara zama cikinsa."

Yarinyar ta waiga ta duba, ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

"Allah sarki. To zauna can, in baƙin sun fita zan gaya masa."

Ta zauna a kujerar ƙarfe. Mutane na shiga da takardu suna fita da takardu, babu wanda ta sani. Agogon bango ya nuna sha ɗaya, ya nuna sha ɗaya da rabi. Ƙafafunta suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Can ta tashi ta koma gaban teburin.

"Abdussamad fa? Yana nan har yanzu?"

"Malam Abdu na ɗakin ajiya? Bi ta baya, kusa da injin wuta."

Abdussamad shi ne ma'aikacin meri na farko. Yana saurayi aka ɗauke shi, don shi kaɗai ne a garin ya iya rubuta faransanci ba kuskure. Shi ne sakatare, shi ne mai yankan tikitin kasuwa, shi ne tafintan majalisa: duk takardar da za a sa wa hannu, shi ke karantawa ya juya musu da Hausa. Yanzu ta same shi a wani ɗaki marar taga, furfura ta cinye masa kai, yana zaune tsakanin kwalaye. Ya miƙe da sauri ya rusuna.

"Goggo! Ke ce da kanki? Ina kwana, ina gajiya?"

"Babu lokacin gaisuwa, Abdu. Rajistan zaman majalisa nike so, na shekarar da Mamane ya ba da fili. Sun shiga garkar."

Ya tsaya da kujerar da ya jawo mata a hannunsa.

"Sun shiga? Yau?"

"Yau. Fa'izu na can da adda. Fito mini da shafin da aka rubuta daga titi zuwa gawo, a buga masa hatimi in kai."

Abdussamad ya ajiye kujerar a hankali. Ya dubi kwalayen.

"Goggo, sau biyu aka yi ƙaura da takardun nan. Wasu ruwa ya ci, wasu gara ta ci. Na farkon nan ban tsammanin..."

"Abdu, dube ni."

Bai dube ta ba. Ta wuce shi ta fara buɗe kwalayen da kanta, tana ɗaga rajista tana ajiyewa, ƙura na shiga mata hanci. Ba ta iya karanta abin da ke bayansu, amma ta san abin da take nema. A shekarar farko bangon rajistan ya yage, ita ta kai shi gida ta ɗinka masa riga da ragowar atamfarta mai zanen tsuntsaye. A kwali na biyar ta gan shi. Tsuntsayen sun yi fari, amma ɗinkinta na nan daram.

Ta ɗora shi a teburin.

"Buɗe."

Ya buɗe. Yatsunsa ba su yi laluben komai ba, kai tsaye suka tafi shafin, kamar wanda ya saba zuwa wurin. A ƙasan shafin akwai sa hannu goma sha ɗaya, wasu dangwalen yatsa, wasu ajami. Ta gane nata: harafin farko na sunanta, babba, a karkace, yadda malamar yaƙi da jahilci ta koya mata. Zuciyarta ta ɗan sauka.

"Alhamdu lillahi. Ga shi nan. Karanta, ka juya mini yadda ka saba."

Abdussamad ya karanta da faransanci, murya ƙasa ƙasa, ya kai wani wuri ya tsaya.

"Juya mini mana."

"An rubuta... majalisa ta karɓi kyautar fili daga Malam Mamane, don amfanin jama'a. Daga titi..." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Daga titi zuwa bakin kwari. Hekta biyar. Masu amincewa goma sha ɗaya, babu mai ƙi."

Injin wuta na ta ƙara a bayan bango. Zulaiha ta dafa teburin.

"Sake dubawa. Ka yi kuskure."

"Ban yi kuskure ba, Goggo. Ni na rubuta."

"Ran nan gawo ka ce. Da kunnena na ji. Mamane na zaune bakin ƙofa, ya ce madalla."

"Gawo na ce." Ya zauna a kan wani kwali. "Kin tuna Turawan furoje, masu aikin agaji, da suka zo za su gina mana ofis da famfo? Sharaɗinsu shi ne sai hukuma na da filin kanta, hekta biyar, a rubuce. Daga titi zuwa gawo uku ne da ɗan kai. Suka ce in ba a cika ba kafin ƙarshen wata, aikin zai koma wata ƙaramar hukuma. Alhaji Chindo ya kira ni ya ce, rubuta har kwari, takarda ce kurum, wa zai taɓa yin gini a cikin fadama? Garin ko tashar mota ba shi da ita lokacin. Ya ce in an zo fassara, ka ce gawo, kada a tayar wa Mamane da hankali a banza. Shekarata ashirin da shida, Goggo. Wata uku ke nan da aka fara ba ni albashi."

"Kuma ka miƙo mini biro."

"Na miƙa miki."

"Na ce maka, Abdu, ka ga ban iya karatun nasara ba, kai ne idona. Ka tuna na ce haka?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Zulaiha ta tsaya tana kallon harafinta a kan takardar. Ta tuna yadda ta danna biron da ƙarfi don ya fito sosai, ta tuna ta koma gida ranar tana gaya wa mata cewa yau ta sa hannu a kan makomar gari. Alhaji Chindo ya rasu shekara biyar da suka wuce, ita ma ta je gaisuwa, ta yi masa kuka.

"Yage shi," ta ce.

"Goggo?"

"Yage shafin. Ka ce gara ta ci."

"Ko na yage, akwai kwafi a ofishin ferefe, shugaban gunduma, a Illela, akwai a Tawa. Da shi masu awo suka yi taswira. Tun da na ga an kafa fegi nike son in zo gidanki, ƙafata ta ƙi."

Ta ɗauki rajistan ta rungume shi a ƙirji.

"Tashi. Ka faɗa a gaban sakatare janar."

Ya tashi. Ta san maganar nan na iya cinye masa aikinsa, amma ba ta sassauta ba. Suka bi ta matakalar baya suka hau sama, ba su bi ta kan yarinyar kwamfuta ba.

Sakatare janar ɗin, Saminu, bai wuce sa'ar Fa'izu ba. Baƙinsa sun fita ke nan, yana shirin tafiya sallar azahar. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya saurari Abdussamad har ƙarshe bai katse shi ba. Da aka gama ya daɗe yana murza goshi.

"Malam Abdu, abin da ka faɗa yanzu, in ka rubuta shi, ka san inda zai kai ka?"

"Na sani."

"Mama, ki gafarce ni, zan gaya miki gaskiya. In ya rubuta, sai ku shigar da ƙara a kotun Illela. Wata shida, shekara, Allah kaɗai ya sani. Mai ba da umarnin ya rasu, mai filin ya rasu, sauran masu sa hannu saura ku uku a raye. Alƙali takarda zai duba, kuma ga hannunki a kai. Kafin nan ni ba ni da ikon tsayar da aiki. Shugaba ya sa hannu a kwangila, masu ba da kuɗin sun sa rana."

Ya tashi ya nuna mata wata babbar taswira a bango, mai layuka ja da shuɗi.

"Da kuka fara, mutum nawa ne a garin nan? Yanzu sun ninka uku. Ma'aikata arba'in da uku gare mu, ga lakwal goma sha biyu, ga magudanan ruwa. Kullum manyan motoci na ɗaukar albasarmu a bakin titi su wuce Konni, hukuma ba ta samun komi. Kasuwar nan ita za ta riƙe garin. Abin da kuka dasa ne ya girma, Mama."

"Ban zo gardamar kasuwa ba." Ta kawar da kai daga taswirar. "Na bar muku filin. Na bar muku rijiyar. Kwana ashirin nike roƙo, albasar ta ƙosa mu cire. Kwana ashirin kurum, ɗana."

Ba ta san lokacin da ta zame daga kujerar ba, sai ta ji sanyin tayil a gwiwoyinta. Saminu ya zagayo da sauri.

"Subhanallahi! Mama, tashi, don Allah tashi. Kin haife ni."

"Ba ni tashi. Kira shi."

Ya ɗauki waya ya kira shugaban riƙo, wayar a kashe. Ya kira ɗan kwangila, ya koma bakin taga yana magana da faransanci, tun yana lallashi har ya ɗaga murya. Zulaiha ba ta jin kalmomin, amma ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka kafin ya ajiye wayar.

"Ya ce katafilar haya ce, kwana uku aka ba shi, daga nan Malbaza za ta wuce, ba ta dawowa sai bayan damina. Na roƙe shi ko kwana ɗaya, ya ƙi. Abin da ke hannuna shi ne in ba ku fili a sabuwar unguwa, bayan mahauta. Wannan zan rubuta yau."

"Kan tudu? Inda ake haƙa gaba talatin ba a ga ruwa ba?"

Ya taimaka mata ta miƙe, sannan ya rage murya.

"Akwai wani abu. Ɗan kwangila ya ji labarin adda, ya riga ya gaya wa jandarma. Da la'asar tare za su zo. In ɗanki ya ɗaga hannu a kan wani, ko bai sare shi ba, gidan kaso ne, kurkuku, shekaru. Ki riƙe shi, Mama. Wannan ya fi albasa."

Ta ajiye masa rajistan a tebur ta fita. A ƙasan matakala Abdussamad ya cim mata.

"Goggo, zan bi ki. In gaya wa Fa'izu da bakina, ya san ba laifinki ba ne, ba laifin direba ba ne. Ni ne."

Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa: tsohuwar rigar shadda da ta sha wanki, takalmi mai faci. Ta san matarsa, ta san ’yan matansa biyar, ita ta yi wa ta farin wankan jego.

"Ka san Fa'izu?"

"Na san shi."

"Ba ka san shi ba. In ya ji an cuci ubansa yana zaune bakin ƙofa yana cewa madalla, ba ya tsayawa jin sauran. Kai zai fara sara, ya hau benen nan ya nemi na biyu. Kada in ga ƙafarka a garkar nan. Kada kuma maganar nan ta fita bakinka, yau ko gobe."

"To ki yafe mini."

"Ba yau ba, Abdu."

Ba ta samu kabu-kabu a ƙofar meri ba, duk sun tafi masallaci. Ta kama hanya da ƙafa cikin rana, tana sauri tana tsayawa tana dafa bango. Ta tsaya a gidan wata tsohuwar ƙawarta ta yi azahar, ta idar ba ta san surar da ta karanta ba. A kan sallayar ta zauna tana juya abin da za ta faɗa. Ta gwada cewa shugaba ba ya nan, a jira jibi: Fa'izu zai tsaya gaban katafila da addarsa har jandarma su zo. Ta gwada gaskiya: ta ga jini. Duk ta inda ta bi, sai ta ga ɗanta a bayan motar jandarma, ’ya’yansa huɗu tsaye a ƙofar gida.

Sai da rana ta karkata ta isa. Filin da ke gaban gawo ya zama jar ƙasa shimfiɗe, babu ko kara. Katafilar na tsaye a inuwar icen, Dogo na zuba mata mai. A bakin titi farar motar ɗan kwangila ta tsaya, kusa da ita jandarma biyu na jingine da babur. Maƙwabtan garka sun taru nesa kaɗan, sun yi cirko-cirko. Fa'izu na zaune a bakin rijiya, addar a kan cinyarsa. Da ya hango ta ya miƙe, idanunsa a kan hannuwanta.

"Ina takardar?"

"Zo nan, mu yi magana."

"Inna, ina takardar? Sun ɓoye ta ko? Na san za su ɓoye. Ɓarayi!" Ya juya wajen titi.

"Ba su ɓoye ba. Na gan ta da idona." Ta matsa har ta tsaya tsakaninsa da titin. Ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, yadda ba za ta iya janyewa daga baya ba. "Har bakin kwari aka rubuta. Kuma ni na ba su."

Ya dube ta kamar bai gane yaren ba.

"Mi kika ce?"

"Ni na ba su. Ana neman hekta biyar don a yi mana ofis da famfo, filin bai cika ba, na ce a haɗa da garkar. An karanta mini, na ji, na sa hannu. Na ɗauka garin ba zai taɓa kawowa nan ba. Da shekaru suka tafi sai na mance, na riƙa faɗin gawo har na yarda da kaina. Mutanen nan ba su ci maka komi ba. Haƙƙinsu suka zo ɗauka."

"Ƙarya ne. Sun tsorata ki."

"Je ka duba. Hannuna na nan, ka san shi."

Wani daga cikin maƙwabta ya yi salati a hankali.

"Kin san da haka," in ji Fa'izu, "kika kira ni daga Aljeriya? Kina kallo na haƙa rijiyar nan? Kina kawo mini fura ina cikin rami?"

"Ina kallo."

"Baba ya sani?"

"Bai sani ba. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Ni kaɗai ce."

Ta tsaya ta bar shi ya kalle ta. Ba ta taɓa ganin irin wannan kallo a fuskarsa ba, ko ran da ya dawo ya tarar an binne ubansa. Ya ɗaga addar, jandarman suka gyara tsayuwa, sai ya juya ya cilla ta cikin kwari da duk ƙarfinsa. Ya wuce ta gefenta, rigarsa ba ta ko taɓa ta ba, ya durƙusa gaban injin ban-ruwa ya fara kwance tiyo. Kafaɗunsa na girgiza, bai yi sauti ba.

Dogo ya matso, hularsa a hannu.

"Mama, daga can gefen yamma zan faro, kuma injin nan tsoho ne, ba ya sauri. Abin da kuka iya cirewa ku cire."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi maƙwabta, matan da suka yi adashe tare shekara talatin. Biyu suka kawar da fuska. Ɗaya, Ummusalma, ta ɗaura zanenta ta shigo garkar.

Katafila ta tashi. Zulaiha ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan kunya, ta duƙa a fangalin farko ta kama ganye. Ƙasar da sauran danshi, da safen nan Fa'izu ya shayar da ita. Albasar ta fito ba gardama, fara, ba ta kai ƙwan zabo ba. Ta kakkaɓe ta, ta ajiye a kan mayafin, ta kama ta gaba.